Bayan Azurfa Ta Ƙare: Waiwaye a Kan Gundumar Banska Shitiyabnitsa

An kasa ƙasar Sulobakiya, wadda ke tsakiyar nahiyar Turai, zuwa larduna 8 da gundumomi 79. Daga cikin gundumomin akwai wata 'yar ƙarama a lardin Banska Bistiritsa, wadda masu ƙasar ke rubuta sunanta Banská Štiavnica, mu kuwa a bakinmu sai mu ce Banska Shitiyabnitsa. Faɗinta murabba'in kilomita 292 ne, mutanenta kuma kimanin 16,000, a warwatse cikin birni guda da ƙauyuka 14. Akwai unguwanni a Kano da suka fi ta yawan jama'a nesa ba kusa ba. Wanda ya tsaya ga alƙaluma kaɗai zai rufe littafi ya ce babu abin nazari a nan.

Sai dai a shekarar 1782 birnin da ya ba wannan gunduma suna shi ne na uku a girma a duk masarautar Hangari. Biratislaba ta yau da Debaretsen kaɗai ke gabansa. Mutanensa a lokacin sun haura 23,000, ba a ma lissafa da unguwannin mahaƙa da ke kewaye da shi ba. Yau kuwa da ƙyar suke kai 10,000. Wato gundumar gaba ɗayanta, birni da ƙauye, ba ta kai yawan mutanen da birnin shi kaɗai ya tara ba fiye da shekara 240 da suka wuce.

Wannan raguwa ce ta fara jan hankalina, kuma ina da dalili. Ni jikan lebura ne. Kakana ya bar ƙasar Kano yana saurayi ya tafi aikin kuza a tudun Jos, a can aka haifi mahaifina, a can ni ma na tashi, tsakanin tsibin jar ƙasa da kududdufan da kamfanoni suka bari. Tun ina yaro nake jin manya suna cewa "lokacin kuza" kamar yadda ake ambaton mamaci. Don haka duk inda na ji labarin garin da ma'adini ya gina sannan ma'adinin ya ƙare, tambaya ɗaya nake yi: me aka bar wa masu garin? Shitiyabnitsa ta ba ni amsar da ta fi kowace tsawo, domin ta yi shekara fiye da 700 tana haƙa kafin ta ajiye diga.

Ƙasar da wuta ta haifa

Ba a fahimtar wannan gunduma sai an fara da duwatsunta. Kimanin shekara miliyan 15 da suka shuɗe, wani ƙaton dutse mai aman wuta ne ke tsaye a wurin. Da ya gama amansa, sai ƙololuwarsa ta rufta ciki, ta bar wani makeken kwari mai kama da akushi, wanda faɗinsa ya kai wajen kilomita 20. Ruwan zafi da ke tasowa daga ƙarƙashin ƙasa ya riƙa bin tsagogin dutsen, yana ajiye abin da ya narko: azurfa da zinariya a sama-sama, dalma da tutiya da jan ƙarfe a can ƙasa. Jijiyoyin ma'adinin da aka yi ƙarnuka ana bi ke nan. Birnin yana zaune a tsakiyar wannan akushi, a tsawon kimanin mita 600 daga bakin teku, gidajensa a manne da gangare, wani bisa wani. Dutsen da ya fi kowane tsawo a yankin shi ne Sitno, mai mita 1,009.

Daji ya rufe mafi yawan ƙasar gundumar. Gangaren da ke fuskantar kudu ya fi samun rana da ɗumi, na arewa ya fi sanyi da laima, shi ya sa itatuwan ɓangarorin biyu suka bambanta, har masana tsirrai suka daɗe suna sha'awar wurin. Wani limamin coci mai suna Andrej Kmet, wanda ya yi shekaru yana aiki a ƙauyen Parenchob a ƙarshen ƙarni na 19, ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa yana tattara tsirran dutsen Sitno. Tun shekarar 1979 hukuma ta sa duwatsun cikin wuraren da doka ta kare. Ƙasar noma kaɗan ce, kuma ba mai albarka sosai ba. Ƙauyukan kudu ne ke ɗan taɓa noma da kiwo da lambunan 'ya'yan itatuwa. Na arewa da na yamma, irin su Banska Bela da Shitiyabnitske Bane, haƙa ce ta kafa su, sunansu ma ya nuna, domin kalmar "bana" a harshensu ramin haƙa take nufi.

Abu guda game da shimfiɗar ƙasar ya fi kome tasiri a tarihinta: babu babban kogi a gundumar. Tana bisa doron da ke raba ruwa biyu. Ƙoramun arewa suna gangarawa kogin Haron, na kudu suna bin ƙaramin kogin Shitiyabnitsa zuwa kogin Ipel, dukkansu kuma a Danub suke ƙarewa. Ruwan sama da na ƙanƙara ba ya zama a kan tudu. Ko dai ya gudu, ko ya nutse cikin tsagogin dutse ya cika ramukan haƙa. Mahaƙan Shitiyabnitsa sun rayu tsakanin ƙarancin ruwa a sama da ambaliyarsa a ƙasa.

Yaƙi da ruwa

Masu garin suna da tatsuniyar asalinsa. Wai wani makiyayi ne ya ga ƙadangaru biyu suna shan hantsi, ɗaya bayansa na walƙiyar azurfa, ɗaya na zinariya. Da suka gudu ƙarƙashin dutse ya ɗaga dutsen, sai ya ga arziki. Har yau ƙadangaru biyu na nan a tambarin birnin, kuma kowane watan Satumba ana yin jerin gwano da dare, ana tafiya a karkace kamar tafiyar ƙadangare. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne cewa a ƙarni na 13, zamanin Sarki Bela na Huɗu, garin ya sami 'yancin birni, kuma Jamusawa ƙwararrun mahaƙa sun zo sun zauna tare da Sulobakawan da suka tarar. Saboda haka birnin ke da suna uku: Jamusawa na ce masa Shemnits, Hangarawa na ce masa Shelmetsbanya. Azurfa da zinariyar da ake haƙowa ana kai su Kiremnitsa, inda ake buga kuɗi tun shekarar 1328.

Arziki ba ya zama ba mai gadi. Bayan Turkawa sun ci birnin Buda a 1541, dakarunsu sun matso har kusa da garuruwan haƙa. Mutanen Shitiyabnitsa suka mai da babban cocinsu sansanin tsaro, suka gina wata hasumiya a kan tudu tsakanin 1564 da 1571 don hangen abokan gaba. Turkawa ba su taɓa cin birnin ba. Abokin gaban da ya kusa cinye shi yana ƙarƙashin ƙafafunsu.

A shekarar 1627 wani mai suna Gashpar Waindil ya fasa dutse da albarushi a cikin ɗaya daga ramukan yankin, abin da ake lissafawa cikin gwaji na farko da aka rubuta na amfani da albarushi wajen haƙar ma'adini. Aiki ya ƙara sauri, ramuka suka ƙara zurfi. A 1690 an narkar da azurfa kimanin kilo 29,000 da zinariya kimanin kilo 600. Amma ko wane taku aka ƙara a ƙasa, ruwa sai ya ƙaru. Ɗaruruwan mutane da dawakai ne ke juya injinan ɗebe shi dare da rana, ga tsada, ga gajiya, ga abincin dabbobi. A farkon ƙarni na 18 hukumomin Biyana sun yi nisa da shawarar rufe ramukan, sai wani injiniya mai suna Matej Kornel Hell ya tsaya kai da fata cewa akwai mafita.

Mafitar ita ce a sa ruwan sama ya kori ruwan ƙasa. Hell da ɗansa Jozef Karol Hell da masanin safiyo Samuel Mikobini suka tsara tafkuna na hannu a kan tuddai, waɗanda ake kira "tajch" daga kalmar Jamusanci mai nufin kududdufi. Aka yi ta datse ƙananan kwaruruka da bangon ƙasa da yumɓu, aka haƙa magudanai masu bin ƙugun duwatsu, suna tare ruwan sama da na narkewar ƙanƙara suna kai shi tafki. Daga tafki wasu magudanan ke kai shi bakin rami. An gina irin waɗannan tafkuna wajen 60, masu ɗaukar ruwa kimanin mita kubik miliyan 7, tsawon magudanan kuma ya haura kilomita 100. A 1749 Jozef Karol Hell ya kafa injinsa na farko mai aiki da nauyin ruwa: ana sako ruwa ta bututu daga sama zuwa cikin rami, ƙarfin faɗowarsa ya tura sandar famfo, famfon ya ɗago ruwan da ya taru a ƙasan rami. Ruwan da ya gama aiki a nan sai ya wuce ya juya turamen daka dutse, daga nan ya wanke garin ma'adini, kafin a sake shi. Ɗigo ɗaya yakan yi aiki sau da yawa kafin ya bar gundumar.

Makaranta da sauran abin da kuɗi ya bari

Wannan ƙwarewa ta jawo abu na biyu. A 1735 aka buɗe makarantar koyon haƙa ƙarƙashin Mikobini. A 1762 Sarauniya Mariya Tereza ta ba da umarnin kafa babbar makarantar ilimin ma'adinai, wadda ake lissafawa cikin manyan makarantun fasaha na farko a duniya. Nikolaus Jakwin, masanin kimiyyar haɗe-haɗe da tsirrai, shi ya fara ba da darasi a cikinta, kuma ɗalibai suna gwaji da hannunsu a ɗakin bincike a zamanin da galibin jami'o'i karatun baka kawai suke yi. A 1808 aka ƙara sashen ilimin gandun daji, domin haƙa tana cin itace kamar wuta: ga ginshiƙan tokare rami, ga gawayin narka ƙarfe. Kiristiyan Dopla, wanda kowane ɗalibin kimiyyar lissafi da sauti ya san sunansa, ya koyar a nan daga 1847 zuwa 1849.

Kada a ɗauka cewa dukiyar a garin ta tsaya. Mafi yawanta baitulmalin gidan sarautar Habsbag ta tafi, ta biya yaƙe-yaƙe da fadojin Biyana. Talakan mahaƙi kuwa rabonsa ƙura a huhu da gajeren kwana. Akwai wata hasumiya da aka gina a 1681, inda ake buga wani katako da guduma tun duhun asuba don tayar da ma'aikata. Da wannan katakon kuma ake sanar da mutuwar wanda rami ya ci. Na shiga ramin Bartolomej, wanda yanzu gidan tarihi ne, da hular kwano da fitila a hannu. A wasu wuraren sai mutum ya sunkuya, kafaɗunsa na gogar bango, kuma har yanzu ana ganin sawun kurfi a jikin dutsen, layi-layi, aikin hannun mutanen da ba a rubuta sunansu ko'ina ba. Gaisuwar mahaƙan wurin ita ce "Zdar Boh", wato Allah ya ba da sa'a. Wanda ya shiga ramin ya san abin da ya sa suka zaɓi wannan gaisuwa.

Duk da haka abin da ya rage a garin ba kaɗan ba ne. Akwai dandalin Tiriniti da gidajen attajiran haƙa suka kewaye, da ginshiƙin da aka kafa a tsakiyarsa don tunawa da annobar 1710. Akwai jerin ƙananan majami'u da aka gina a kan wani tsauni tsakanin 1744 da 1751. A ƙauyen Sabati Anton akwai gidan sarautar iyalan Kohari da Kobag, inda Fadinand, tsohon sarkin Bulgeriya, ya riƙa zama bayan ya sauka daga mulki. Makarantar sakandaren mabiya Luta ta yaye mawaƙa, cikinsu har da Andrej Saladkobich, wanda ya wallafa doguwar waƙar soyayya mai suna Marina a 1846, baiti 291, saboda wata budurwar garin da aka aurar wa wani.

Yadda gari ke raguwa

Gari ba ya mutuwa rana ɗaya. Jijiyoyin sama masu yawan azurfa suka ƙare, na ƙasa kuma dalma da tutiya suka fi yawa a cikinsu. Daga shekarun 1870 farashin azurfa ya faɗi a duniya, saboda manyan ƙasashe sun koma auna kuɗinsu da zinariya, ga kuma sababbin ma'adinai a Amurka. Babban layin dogo ya bi kwarin Haron ya bar birnin a gefe, sai wani siririn reshe aka ja masa a 1873. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare aka kafa ƙasar Chekosulobakiya, babbar makarantar ta kwashe malamanta da littattafanta da kayan gwajinta ta koma Shopron a Hangari a 1919. A ganina wannan rashi ya fi faɗuwar farashin azurfa ciwo, domin ɗalibai ne ke cika gidajen haya, su ne kuma ke kai sunan garin duniya.

Fuskar jama'a ma ta sauya. Jamusawan da suka kafa sana'ar sun narke cikin Sulobakawa sannu a hankali. Hangarawa ma'aikatan hukuma da malamai sun tafi tare da makaranta. Yahudawa, waɗanda doka ta daɗe tana hana su zama a garuruwan haƙa, sun samu shiga a ƙarni na 19, suka gina wurin ibadarsu a 1893, sannan aka kwashe su zuwa sansanonin mutuwa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yau kusan kowa a gundumar Basulobake ne, mafi yawa mabiya ɗariƙar Katolika, sai tsirarun mabiya Luta.

Gwamnatin gurguzu ta yi nata ƙoƙarin. A 1949 aka kammala sabon layin dogo na kimanin kilomita 20 daga Haronska Dubaraba, wanda dubun-dubatar matasa 'yan sa kai suka gina. Aka ci gaba da haƙar dalma da tutiya, aka riƙe masana'antar saƙa da ta taba, da ta bulon da ke jure wuta a Banska Bela. Amma babban jari an zuba shi ne a kwari, a Zhiyar, inda aka kafa masana'antar alminiyam a shekarun 1950. A 1960 aka soke gundumar Shitiyabnitsa ɗungurungum aka haɗe ta da Zhiyar, ba ta dawo ba sai a 1996. Mutane suka bar tsofaffin gidaje masu laima suka koma dogayen benaye a sabuwar unguwar Diriyenoba, tsakiyar birnin ta zama kango. A farkon shekarun 1990, da tallafin gwamnati ya yanke, aka rufe rami na ƙarshe. Zinariyar da ake haƙa a yankin yanzu a Hodurusha ake haƙo ta, kuma wannan a gundumar Zharnobitsa take.

Abin da ake ci a yau

A shekarar 1993, shekarar da Sulobakiya ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, hukumar UNESCO ta sa birnin da ayyukan fasahar da ke kewaye da shi cikin kayan tarihi na duniya. Abin lura shi ne ba gine-gine kaɗai aka karrama ba; an haɗa da tafkuna da magudanai da ramuka. Kusan a lokaci guda ƙofar haƙa ta rufe, ta yawon buɗe ido ta buɗe. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma a nan maganar ta zauna daram. Tafkuna ashirin da 'yan kai da suka rage, irin su Pochubadlo da Rihnaba da Kilinga, sun zama wuraren iyo da kamun kifi da rani. Magudanan da suka bushe sun zama hanyoyin masu keke da masu yawon ƙafa, domin an haƙa su kusan a miƙe, ba hawa ba gangara. Hasumiyar da ake buga katako ta zama gidan shayi. Majami'un kan tsauni, waɗanda suka lalace har ɓarayi suka yi ta sace gumakansu, an gyara su da gudummawa da aikin gayya. Talaucin da ya hana a rushe tsohon birni a gina sabo shi ne ya adana abin da ake zuwa kallo.

Na isa garin da kaka, a cikin ƙaramin jirgin ƙasa mai tarago ɗaya, bayan baƙin rani sun watse. Tashar tana can ƙasa, nesa da tsakiyar birni, sai mutum ya yi hawa. Da rana dandalin yana da kyau ƙwarai. Da magariba ta yi sai na lura tagogi kaɗan ne ke da fitila. Matar da na sauka a gidanta, dattijuwa ce da ta yi aiki a masana'antar saƙa, ta ce mini gidajen da nake gani a rufe na mutanen babban birni ne, ba sa zuwa sai ƙarshen mako, wasu kuma an mai da su masaukin baƙi. 'Ya'yanta biyu ba wanda ke garin. Ba ta faɗi haka da ƙorafi ba. Ta faɗe shi ne kamar mai ba da labarin yanayi.

Maganarta ta yi daidai da abin da taswirar tattalin arzikin ƙasar ke nunawa. Sulobakiya ta yi suna da ƙera motoci, amma masana'antun suna Biratislaba da Tarnaba da Zhilina da Nitara, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kusa da manyan hanyoyi. Gangaren Shitiyabnitsa ba ya ɗaukar irin wannan gini. Masu neman albashi mai kauri suna sammako zuwa Zhiyar ko Zabolen ko Banska Bistiritsa, wasu kuma tun da ƙasar ta shiga Tarayyar Turai a 2004 sun tsallaka Ostiriya da Jamus. Abin da ya rage a gida shi ne masauki da gidajen abinci, aikin daji da katako, 'yan ƙananan masana'antu, da aikin gwamnati a makarantu da gidajen tarihi da ma'ajiyar takardun haƙa ta ƙasa. Yawon buɗe ido kuwa sana'ar damina ce: wata uku ko huɗu ana dara, saura ana jira. Matasa na tafiya, tsofaffi na ƙaruwa, wasu ƙauyukan mutanensu ba su kai 200 ba. A watan Maris na 2023 gobara ta cinye rufin gidaje da dama a dandalin Tiriniti, har da gidan da Marina ta zauna. Garin da jarinsa tsofaffin gine-gine ne, wuta ɗaya na iya taɓa masa abincin shekara.

Ƙasar ma ba ta manta abin da aka yi mata ba. A gefen tudun Shobob, inda aka fasa dutse aka tara tarkacensa, ruwan da ke tsatsowa ja ne mai tsami, yana ƙone ciyawa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Kududdufi da kududdufi

A bakin tafkin Kilinga ne na fi tuna gida. Mu ma muna da ruwan da haƙa ta bari. Tun kafin Turawa, maƙeran Liruwe suna narka kuza suna sayarwa. Kamfanoni suka zo a farkon ƙarni na 20, aka ja layin dogo daga Zariya, aka kafa tashar lantarki a Kura Falls don injinan haƙa, aka yi aikin tilas a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985. Abin da ya rage mana shi ne ɗaruruwan kududdufai daga Bukuru zuwa Barikin Ladi. Masu noman rani suna ban ruwa da su, suna fitar da tumatir da kabeji da karas, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Amma kowace unguwa tana da labarin yaron da kududdufi ya ci.

Bambancin ba a launin fatar mai cin riba yake ba, domin su ma azurfarsu wata fada mai nisa ta tafi. Bambancin shi ne nasu tafkunan gina su aka yi da lissafi, aka auna bangonsu, aka zana taswirarsu, aka ajiye takardun a garin, aka kuma koyar da 'ya'yan garin yadda ake kula da su. Namu ramuka ne da aka kwashe abin cikinsu aka juya baya, ruwa ya zo ya cika. Shitiyabnitsa ta sami shekaru ɗaruruwa tana mai da kuɗin ma'adini ilimi da gini. Tudun Jos bai cika shekara 100 ba aka tashi kasuwa. Yanzu da ake rububin zinariya a Zamfara, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, tambayar kakana tana nan ba a amsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da za a bar wa gari ana yanke shi ne tun ramin yana bayarwa.

Ban ce Shitiyabnitsa ta tsira ba. Gundumar da ta rasa makarantarta da sana'arta da rabin mutanen birninta, wadda ke jiran baƙi su zo su kalli abin da kakanni suka yi, ba za a kira ta mai nasara kai tsaye ba. Abin da zan iya cewa shi ne ta sami abin riƙewa, kuma abin riƙewar ya fito ne daga ayyukan da aka yi da dogon hange. Mafi girmansu ba a ganinsa. A shekarar 1782, daidai lokacin da birnin ke kan ganiyarsa, aka fara haƙa wata hanyar ruwa a ƙarƙashin duwatsu, daga kwarin Haron zuwa gindin ramukan, don ruwa ya riƙa fita da kansa ba tare da famfo ba. Tsawonta ya haura kilomita 16. Ba a gama ta ba sai a 1878, bayan shekara 96, lokacin da azurfa ta riga ta fara zubar da daraja. Waɗanda suka sara dutsen farko, jikokinsu ma ba duka suka ga ƙarshen aikin ba. An daina haƙa a birnin fiye da shekara 30 ke nan, amma har yau ruwan da ke taruwa a ƙarƙashin duwatsun yana samun hanyar fita zuwa kogin Haron.